Wadda Ta Ga Shekarar Araha

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kakata, mahaifiyar babana, ta rasu a gidanmu na Ƙanƙara da hantsin wata Laraba. Ba wanda ya san shekarunta, don ba a rubuta ba, amma kowa ya yarda ta taɓa ɗari ko ta gota.

Mata sun cika tsakar gida har bakin rijiya, sai dai kuka bai yi yawa ba. Duk wadda ta shigo za ta durƙusa ta ce, "Ai wannan sai barka, ta ga jikokin jikoki." Gwaggo ce kaɗai, babbar 'yarta, wadda ita ma ba sauran haƙori a bakinta, ta haɗa kai da gwiwa tana kuka kamar yarinya, tana cewa yau ta zama marainiya. Da la'asar jikoki suka fara wasan da aka saba yi wa kakanni. 'Yar Baffa ta ɗaura kallabin Kaka, ta ɗauki sandarta, ta ranƙwafa tana zagaya mutane tana kwaikwayon muryarta. Ta tsaya gaban wata baƙuwa ta ce, "Tiyar dawa nawa yau?" Matar ta faɗi. Sai ta ɗaga hannu sama ta ce, "Alhamdu lillahi, ta yi tsada."

Gida ya ɗauki dariya. Wata maƙwabciyarmu ta share hawayen dariya da gefen mayafi ta ce, "Allah sarki, tsufa. Ana kukan tsada ita tana godiya."

Ni ban yi dariya ba. Ba ruɗewar tsufa ba ce, tun tana da ƙarfinta haka take faɗi. Na ga idan na yi shiru, nan da 'yan shekaru abin da za a tuna da ita ke nan, tsohuwa mai maganar ban dariya. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Sunanta aka sa mini, don haka Takwara take kira na, kuma a ɗakinta na tashi a ƙauyenmu da ke gefen Mabai. Mace ce gajera, mai kaifin ido, ba ta son a yi mata ƙarya ko ta wasa. Ba ta cin tuwo sai ta fara gutsurar loma ta ajiye a gefen akushi, sai an gama ta cinye ta. Ba ta yarda a share hatsin da ya zube a bakin turmi, tsince shi take yi da yatsa. Ranar kasuwa kuwa duk wanda ya dawo sai ya zauna ya ba ta labarin farashi, tun daga gishiri har kan ɗan akuya. Idan aka ce abu ya hau, sai ta gyaɗa kai. Idan aka ce ya faɗi, sai ta bar abin da take yi ta tambaya, "Mi ya hwaru?"

Wata rana ina budurwa na gaji na ce, "Kaka, ke kaɗai ce a duniya mai murna da tsada."

Ta ce, "Ba murna nike ba, Takwara. In abu ya yi tsada, akwai mai saye ke nan. Ni na ga lokacin da babu mai saye."

Lokacin da take nufi, tana ƙaramar yarinya ce a wata unguwa kusa da Sheme, haƙoranta na gaba ba su gama fitowa ba. Turawa ke mulki. Mahaifinta manomin auduga ne, wadda ita take kira kaɗa. Kowace kaka sai ya ɗora wa jakinsa buhuna ya kai fulotin da ake awo, akawu ya ɗora a sikeli ya biya. Ta ce shekara ɗaya kafin abin ya faru har garmaho akawun nan yake kunnawa, yara su kewaye suna leƙen inda mai waƙar ya ɓuya. A shekarar da take ba ni labarinta ta bi mahaifinta, tana zaune a tsakanin buhuna. Suka tarar da maza tsaye cirko-cirko, ba garmaho, ba mai magana. Da layi ya zo kansa, akawu ya auna ya faɗi kuɗin. Mahaifinta ya matsa kusa ya ce, "Nawa ka ce, Malam?" Akawu ya maimaita. Ya sake tambaya, aka sake ba shi amsa iri ɗaya. Wani mutum a bayansu ya kwance kayansa ya zube a ƙasa, ya kora jakinsa ya tafi yana dariya shi kaɗai. Mahaifinta ya karɓi abin da aka ba shi. Ta ce bara idan yana tafiya lalitarsa ƙara take yi, ran nan har suka isa gida ba ta ji motsin komai ba.

Daga nan komai ya bi auduga. Kuɗin da bara ba zai sayi tunkiya ba, bana sai ya sayi maraƙi, amma wa ke da shi? Mahauci ya rataye nama tun safe yana roƙon mutane, har ya yi wari. Aka koma musaya, kaza da gishiri, ƙwai da kanwa. Kakarta ta tono wata tukunyar wuri da ta binne tun tana amarya, ta kai wa mai gishiri, ya ce wannan kuɗin ya daɗe da mutuwa. Yara aka bar wa suna wasa da shi. Haraji ne kaɗai bai faɗi ba, kuma ba a karɓar kaza ko dame, sai tsabar kuɗi.

Na taɓa tambayar ta ko sun san dalili. Ta ce labari a bakin fatake yake zuwa, sai ya tsufa a hanya kafin ya iso. Akwai wani da ya yi aikin jirgin ƙasa a Zariya, ya dawo ya ce ba nan kaɗai ba ne, can ƙasar Turawa ma manyan maza masu takalmi da malafa na bin layi a ba su kunu. Dattawa suka ce ya ji tsoron Allah ya daina ƙarya, Bature da yunwa ina suka haɗu. Shekarar nan ba a buga kalankuwa ba. Amare da zane ɗaya aka kai su, ba kiɗa. Tun da auduga ta ƙi sayuwa, sai mata suka zauna kaɗi, masaƙa suka yi ta saƙa, kowane gida ba ka jin komai sai mazari na juyawa a kan tasa.

"Gari duk ya yi hwari," in ji ta. "Kowa da sabon saƙi, ciki ba komi. In ka hango mutane sun hito masallaci, sai ka ce an tashi maƙabarta."

Da damina ta kama, gero ya fara fitar da kai, sai fara ta zo. Azahar ce, amma kaji suka shiga akurki. Ta ce ƙarar kamar ruwan sama a kan busasshen kara, kuma tana da wari. Kafin la'asar gonaki sun zama sanduna. Suka kama farar suka soya suka ci, har ita ma ta ƙare. Bayan haka mahaifinta ya bi ayarin masu tafiya Jos haƙar kuza, don can ne aka ce ana biya da kuɗi. Ya bar musu jakin. A nan take tsayawa kullum. In na ce, "Sai me ya faru?" sai ta ce, "Bai dawo ba," ta aike ni ɗebo ruwa.

Wannan abin da ta gani shi ya sa ba a cin arahar mutum a gabanta. Shekarun baya, da rashin zaman lafiya ya fara tsananta a dajinmu, wani Bafulatani da muka daɗe muna maƙwabtaka da rugarsu ya jawo akuya mai ciki har ƙofar gida, ya ce Baba ya ba shi ko nawa ne. Baba ya ji daɗi, har ya sa hannu a aljihu. Kaka ta leƙo daga zaure ta ce, "Malam, mi ya koro ka?" Mutumin ya sunkuyar da kai ya ce tashi za su yi, ba su san inda suka nufa ba. Ta sa aka dama masa fura. Ta ce wa Baba, "Ka ba shi guzuri don Allah, akuya kuwa kiwo ya ba mu." Akuyar ta haihu, 'ya'yanta suka haihu. Ko da Sallah ba ta bari a taɓa ko ɗaya ba, awakin bawan Allah take ce musu. Bayan damina biyu matarsa ta zo ita kaɗai da goyo, ta ce ya rasu. Kaka ta sa aka kwance mata su gaba ɗaya har da igiyoyin. Matar ta tsaya tana kallon awakin, sai ta zauna a ƙasa.

Rigimar da na sani tsakaninta da Baba ɗaya ce, kuma ba su gama shiryawa ba sai dab da rasuwarta. 'Yan bindiga sun shiga ƙauyukan da ke kewaye da mu, gidaje suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya. Ni lokacin ina aure a Ƙanƙara, na zo taya su haɗa kaya. Mota na tsaye a waje, an ɗora turmi da katifu, Kaka na zaune a kan kujerarta ta tsuguno tana tsinke zogale.

Baba ya durƙusa ya ce, "Inna, ke muke jira."

Ta ce, "Ku tahi. Ni ina nan."

"Inna, ba kowa a garin nan. Liman ma ya tashi jiya."

"Shi ya sa. In ba a hura wuta a gari, wasu ka shiga."

Baba ya zaci 'yan bindiga take nufi. Ya ce ai don su za a tafi. Ta dube shi kamar yaron da bai gane karatu ba, ta ce kabarin mahaifinsa na nan bayan gida, kuma ta sha faɗa masa kusa da shi za a sa ta. Ya yi lallashi, Gwaggo ta yi kuka, direba ya yi ta danna oda. A ƙarshe Baba, mai furfura har a gira, ya sunkuya ya ɗauke ta cak kamar jaririya. Ba ta yi kokawa ba. Zogalen na hannunta har muka isa. Amma ta yi watanni in ya gaishe ta sai ta amsa tana kallon bango.

A Ƙanƙara ta ƙi zaman ɗaki. Kullum a zaure take, inda za ta ga masu wucewa. Da jikinta ya yi nauyi aka mai da ita ciki, ta ce a bar ƙofa a buɗe. Na dawo gidan ina jinyar ta. Wata rana da azahar, ana zafi, kowa ya fita, ina yi mata fifita, sai ta ce, "Takwara, kin sha tambaya ta abin da ya hwaru bayan Babanmu ya tahi."

Na ajiye mafici.

Ta ce da abinci ya ƙare musu ƙaf, innarta ta yanke shawarar su tafi wajen yayanta, kawun Kaka, a Damari. Suka kora jakin, su biyu, suna bin hanyar ƙafa ta cikin daji. Rana na tsaka suka shigo wani ƙauye. Tun daga nesa innarta ta rage sauri, don ba carar zakara, ba hayaƙi. Ƙofofi a buɗe. A wani gida ta hango tukunya a kan murhu da muciya a ciki, ciyawa ta tsiro a tsakanin duwatsun murhun. Hanyar ta ratsa ta filin kasuwa, rumfuna duk sun kwanta. A gindin wata tsamiya sai ga tsoho zaune a kan buzu. Ya shimfiɗa tabarma, ya kasa gyaɗa da gishiri da barkono kashi-kashi, a jere, tsaf. Yana cewa, "Anini, anini," a hankali, kamar mai lazimi.

Innarta ta yi sallama don ba yadda za ta yi. Ya ɗago ya amsa, ya kira ta da wani suna da mijinta kaɗai ke kiran ta da shi a cikin ɗaki.

Kaka ta ce, "Ya ce mata, 'Ya wuce nan da hantsi. Ya ce ki ci gaba, kada ki koma gida jiran shi. Jakin ma ki bar wa yayanki.'"

Innarta ta ce mijinta ai yana Jos tun kafin a yi girbi. Tsohon bai yi gardama ba. Ya ɗebi gyaɗa ya miƙa wa yarinyar. Innarta ta ce ba su da anini. Ya ce, "Yau ba mai saye. Karɓi." Kafin uwar ta buge mata hannu ta riga ta jefa ɗaya a baki.

"Ta ja ni, ta ce kada in waiwaya. Mun ɗan yi nisa sai na ji kasuwa ta ci a bayanmu. Hayaniya sosai, Takwara, ana ciniki, awaki na kuka, mata na dariya. Cikin muryoyin nan na ji ta Babanmu. Shina cewa, 'Nawa ka ce, Malam?'"

Sai ta ƙara da cewa:

"Na waiwaya. Ba kowa. Tsohon ne kaɗai, shina gyara kashin gyaɗa."

Da suka isa Damari suka ba da labari, kawunta ya ce mutanen wannan ƙauye sun watse tun da daɗewa, sun shige dajin Zazzau gudun haraji, ko kare ba su bari ba. Ya hana su sake ɗaga maganar. Da damina ta zagayo, wani daga cikin ayarin Jos ya biyo sawunsu ya kawo hular mahaifinta. Ya ce sanyin can ne ya kama masa ƙirji har ya rasu. Innarta ta tambaye shi yaushe. Da ya faɗa mata, sai ta ja zane ta rufe fuskarta, don ya yi daidai da tafiyarsu.

Na ce, "Kaka, aljani ne?"

"Ban sani ba. Gyaɗar dai gyaɗa ce, har yau ina jin gishirinta. Na daɗe ina tunanin ko mutum ne da ya ƙi tashi da aka tashi, kamar yadda na so in yi. Ya zauna, ya zauna, har ya manta ya mutu ko bai mutu ba."

Ta kama hannuna. Hannunta ba nauyi, kamar kara.

"Yanzu garinmu ya zama irin wancan. Na ce a sa ni kusa da Malam, kakanki, to na janye. Shi ya kwanta tun gari na gari, ba ruwan shi. Ni kada ku kai ni inda ba kowa. Ki hwaɗa ma ubanki. Ki ce kuma na yahe mishi ɗaukar da ya yi mini."

Na ce ta faɗa masa da bakinta. Ta ce za ta faɗa. Amma washegari harshenta ya yi nauyi, daga nan ba ta ƙara magana ba sai kalmar shahada da muke laƙƙana mata.

Da ta cika, an yi mata wanka an suturta, sai na ji maza na shawara a zaure. Baffa na cewa ya yi magana da 'yan sa-kai, za su raka gawa ƙauye a dawo kafin la'asar, don duk duniya ta san wasiyyar Inna. Wasu na cewa hanya ba kyau, shi yana cewa ko shi kaɗai ne zai kai ta. Ban taɓa tsoma baki a maganar iyaye ba. Na je bayan ƙyauren zaure na durƙusa, na yi sallama, na ce ina da saƙo.

Baffa ya ce, "Ke kuma mene ne?"

Na ce, "Baba, Kaka ta ce kada a kai ta inda ba kowa. Ta ce kuma ta yafe maka ɗaukar da ka yi mata."

Baffa ya fara cewa maganar majinyaci ba a kafa hujja da ita, sai na ji Baba ya ce, "Bari." Da ya sake magana muryarsa ta canja. Ya ce, "A haƙa a nan."

Maƙabartar da aka kai ta tana bakin hanya. Da suka dawo Baba ya kira ni, abin da bai saba yi ba, ya zaunar da ni kusa da shi. Ya ce suna cikin zuba ƙasa babura na ta wucewa, injin niƙa na ruri a tsallake, yaran Islamiyya sun taso suna guje-guje a jikin katanga. Baffa ya yunƙura zai je ya tsawata musu, shi kuwa ya riƙe masa riga ya ce ya ƙyale su, ita ta zaɓa.

Ya Allah, ga baiwarka ta zo maka bayan doguwar tafiya. Ka yafe mata, ka yalwata mata makwanci, ka haɗa ta da mahaifinta da aka binne a ƙasar da ba ta taɓa gani ba. Garuruwanmu da suka zama kufai kuma, Ka mai da masu su cikinsu, a sake hura wuta. Amin.